Idan Ka Ga Wani Abu, Ka Kira

Ya kai ma'abocin idanun da suka fi kowane ido ba ni aiki a shekara tara da na yi ina leƙa idanun mutane, sanyin safiyata, inuwar da ta same ni ban fita nemanta ba, baƙon da ya zauna a kujerata minti arba'in ya tashi ya bar ni da kwana goma sha takwas na sauraron waya, ina gaishe ka gaisuwar da ta fi wadda muke yi a bakin kanta tsawo.

Kada kalmomin nan su razana ka. Ni ba mai zaƙin baki ba ce. Yayata ce ta ce da haka ake buɗe irin wannan wasiƙa, na sake karantawa na ga babu ƙarya a ciki, sai na bar su yadda suke.

Ni ce matar da ta gwada maka ido ranar Talata, a shagon tabarau da ke hawa na biyu, saman kantin magani. Ni ce na ce ka ɗora haɓarka a nan, ka manna goshinka a can, ka kalli kunnena na dama kada ka motsa. Ka shigo da tsohon tabaranka a cikin ambulan, gilashinsa ɗaya ya tarwatse, ƙafarsa ɗaya a ɗaure da zaren da kuke ɗinke littafi a maɗaba'arku. Ka ce injin yankan takarda ne ya faɗa masa. Akwai baƙin tawada a ƙarƙashin farcenka, ka yi ta ɓoye hannun kamar wani zai ci ka tara.

Abin da ya fara kama ni kuwa kafin ka zauna ne. A bakin ƙofarmu akwai dogon madubi. Da ka shigo ka hangi mutum yana tahowa, sai ka raɓe gefe ka ba shi hanya, har da ɗan rusunawa. Shi ma ya raɓe. Kun daɗe kuna girmama juna kafin mai karɓar kuɗi ta gaya maka kai ne. Na ga maza da yawa a gaban madubin nan, kowa gyara wuyan riga yake yi yana auna kansa. Ban taɓa ganin wanda ya matsa wa kansa ya wuce ba sai kai.

Gwajin da nake gamawa a minti goma sha biyar, naka ya ci arba'in. Duk gilashin da na sauya na ce wannan ko wannan, sai ka yi nazari, ka zaɓi ɗaya, sannan ka ce ɗayan ma ba laifi, kamar kana tsoron kada ya ji haushi. Na haska fitila na leƙa can bayan idonka, wurin da ko mahaifiyarka ba ta taɓa gani ba. Jijiyoyi ne siraran jajaye, sun bazu kamar saiwar albasar da aka manta a kofin ruwa. Na ga dubbai irinsu, ban taɓa jin ba na son kashe fitilar ba. Lafiyarsu ƙalau, na rubuta hakan a katinka.

Daga nan na ɗiga maka maganin da ke buɗe ƙwayar ido, na ce ka jira minti ashirin. Sauran mutane waya suke lalube ko su yi gyangyaɗi. Kai kuwa ka rufe ido hawayen magani na bin kumatunka, ka shiga ba ni labarin takarda. Ka ce kowace takarda tana da ɓangaren da take son a naɗe ta, idan aka bi shi ta kwanta lumui, idan aka saɓa ta tsage a gaɓa ko da ta fi kowace tsada. Ba don ka burge ni ka faɗa ba, ko inda nake ba ka fuskanta daidai ba, da kabad ɗin magani kake magana. Ni kuma ina tsaye riƙe da auduga, na ji ina so a ce gobe ma akwai mai gaya mini irin wannan abu marar amfani.

To, ga inda na yi ɓarna. A shekara tara ban taɓa ba wa wanda ya zauna a kujerar nan lambata ba. An roƙa, an yi dabara, wani har cewa ya yi matarsa ce ke so. Ranar nan na juya rasit ɗinka na rubuta ta a baya, cikin sauri har bakwai ɗina ta so ta zama ɗaya, na sake bi ta kai da biro. Abin da na shirya faɗa kalma uku ne: wannan tawa ce. Na miƙa maka, na buɗe baki, sai bakin ya faɗi abin da ya saba faɗa wa mutum arba'in kullum:

"Idan ka ga wani abu, ka kira."

Ka ce ka gode, ka kira ni Likita, alhali ni ba likita ba ce, ka cusa takardar a aljihu ka lalubi matakala. Wace irin mace ce za ta ɗiga wa mutum maganin da zai hana shi karatu har yamma, sannan ta miƙa masa zuciyarta da ƙananan rubutu? Ni ce, da takardar shaidata a rataye a bango.

Washegari da hantsi baƙuwar lamba ta shigo. Na bar wata tsohuwa da firam ɗin tabarau a hanci, na shige ɗakin ajiya, na gyara murya sau biyu. Gwaggonka ce. Idonta na hagu ke ruwa tun shekaranjiya. Daga bakinta na ji yadda aka yi: da ka isa gida ba ka iya karanta komai, ka ba ta takardar ta duba maka, ta karanta ta ce ai lambar asibitin ce, ta kwafe ta a jikin kalandar falo da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin ta mai gyaran famfo. Bayan ita kawunka ya kira. Sai matar mai gidan da kuke haya, sai abokan aikinka biyu, sai wani bawan Allah da ya tambaya ko ina duba idon kyanwa. Zuwa jiya mutum goma sha huɗu. Kowannensu na shiga ɗakin ajiya na gyara masa murya.

Gwaggo kam ta zama tawa. Duk bayan kwana biyu sai ta kira, idon ya warke tuni, yanzu muna kan gwiwa. Ta gaya mini ba ka shan shayi da sukari, kana da taurin kai irin na mahaifinka, kana yaro ka taɓa kwana uku ba ka yi magana da kowa ba saboda an yar maka da kwalin ashana da kake tarawa. Ta gaya mini sunan da suke kiranka da shi a gida, wanda ba zan rubuta ba don mutuncinka. Ta ce ba ka da mata, ba ka da wadda kake nema, ka ishe su. Ban tambaye ta ko ɗaya ba. To, na tambayi ɗaya.

Kai kuma sau ɗaya ka kira, a kwana na goma sha ɗaya, ƙarfe uku da minti shida. Na gane muryar tun daga sallama. Ya muryar da ta sauko mini kamar ruwan farko a kan rufin kwano, ya sautin da na yi ta nema a bakin kawu da maƙwabta da mai kyanwa ban samu ba, ina ka shige duk kwanakin nan? Ka san sau nawa na duba ko wayar ce ta lalace? Ka san yayata ta fara ɓoye ta idan za mu ci abinci, mijinta kuma yana tambaya ko an ƙara mini girma ne a wurin aiki? Ka tambaya ko tabaran ya iso. Na ce bai iso ba, gilashinka mai kauri ne, sai an yo odarsa. Ka ce ba komai, Likita. Daƙiƙa talatin da takwas, wayar ce ta ƙirga.

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuto ba. Na iya haƙuri, sana'ata ce in jira mutum ya gama kokawa da layin ƙarshe na allon gwaji. Amma a shagonmu akwai doka: ma'aikaci ba ya ba wa mai sayayya lambarsa. An taɓa cutar mai shagon, wani da ya yi aiki a kujerata kafin ni ya kwashe masa mutane ɗaya bayan ɗaya ya buɗe nasa a ƙarshen titi. Danginka uku suka zo a mako guda, kowa na tambayar mai lambar nan. Ranar Alhamis mai shagon ya kira ni gaban kanta, a gaban mai karɓar kuɗi da Baba mai yankan gilashi, ya ce ya san abin da nake shiryawa, idan shago nake son buɗewa in faɗa masa, ƙarshen wata in ajiye farar rigar.

Na auna abin kamar yadda nake auna komai. Idan na yi shiru, na tafi da sunan ɓarauniyar mutane, babu shagon da zai ɗauke ni a garin nan. Idan na yi magana, na tsira da aikina, na rasa abin da na fi shekara tara ina tattali, wato a ce ba a san cikina ba. Na dubi mai shagon na ce:

"Ba ciniki nake nema ba. Mutumin nake so."

Baba ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Mai karɓar kuɗi ta sunkuya tana neman abin da bai faɗi ba. Mai shagon ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa, sannan ya ce to kada a kuma. Na ce ba za a kuma ba, sau ɗaya ake irin wannan. Kafin a tashi masu kantin magani na ƙasa sun ji, mai gadi ya ji, har ya fara gaishe ni da wata irin murya. Yanzu a ginin nan da gidanmu babu wanda bai sani ba. Kai kaɗai ka rage, kuma ina ganin bai dace a ce mai abu ne na ƙarshen ji ba.

Saboda haka ga shi a rubuce, da baƙaƙen da na tabbatar sun yi maka girma. Lambar tawa ce. Ba ta shago ba ce, ba ta asibiti ba ce. Ina son ka, hasken da ban rubuta wa kowa a kati ba, ina son ka so mai natsuwa, irin na wadda ta san ba ta san ka ba tukuna, ta kuma yarda ta ɓata lokacinta ta sani. Ba na roƙonka ka so ni don an kusa kora ta saboda kai, wannan ni na jawo. Idan amsarka a'a ce, ba sai ka faɗa ba. Ka dawo bayan shekara biyu a sake gwaji, zan ce wannan ko wannan da muryar da nake yi wa kowa. Ba zan canza layi ba, ba zan daina ɗaga wa Gwaggo ba, gwiwarta ba ta yi mini laifin komai ba.

Saura abu ɗaya, shi ne na yi ta jan ƙafa a kansa tun farkon takardar nan. Zan naɗe ta in saka a gidan tabaranka, mai karɓar kuɗi ta ba ka yau Asabar, ta ce ka karanta a nan don a ga ko gilashin ya zauna. Tunda ka kawo wannan layi, ya zauna. Ni na auna idonka, na san iyakar abin da yake gani babu tabarau, na san abin da ya rage bayan na ɗiga magani. Matar da ka yi hira da ita ranar Talata farar riga ce mai murya. Ba ka taɓa ganina ba.

Jiya da Baba zai yanka gilashin ya ce, cikin wasa, zai iya rage masa ƙarfi da kwata, duniya ta ɗan yi maka laushi, ni ma in ci arziki. Na yi dariya, kuma na tsaya a kansa har ya gama. Na ɗora a na'ura na duba sau biyu da kaina. Daidai yake, ko gashi bai kauce ba. Zai nuna maka shekara talatin da shida, da haƙorin gaba da ya hau kan ɗan'uwansa, da tabon ƙuna daga gefen wuya zuwa kunne wanda nake da shi tun ina shekara biyar, a kunnen nan na dama da na ce ka kalla.

Ina bayanka yanzu, wajen taga, ina jera firam ɗin da na riga na jera da safe. Matakala tana hannunka na hagu, ba sai ka bi ta gabana ba.

Taka, ko ka juyo ko ka sauka,
mai gwajin ido.