Mayen Ƙarfen da Ke Cikin Ambulan

Zuwa ga hasken idona, inuwar da nake fakewa da tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, launin da na shekara ashirin ina haɗa fenti ban dace da irinsa ba,

Kada ki yar da ɗan baƙin abin da ya faɗo daga ambulan ɗin nan. Mayen ƙarfe ne, kuma shi ne lauyana.

Kin tuna ranar da kika kawo 'yar motarki garejina, ƙofar makarantar da kike koyarwa ta karce mata gefe? Kika tsaya kina kallon karcen kamar a kumatunki yake. Na koya miki wankin mota daga rufi zuwa ƙasa, a inuwa, da tsumma mai laushi. Na ce tsumman taya daban yake, don yashinsa ne ke cinye fenti. Kika yi dariya, kika ce ashe mota ma tana son ladabi. Tun ranar, duk motar da na goge, fuskarki nake gani a ciki.

Ga shi yanzu Mai Baƙar Mota ya fara tsayawa a ƙofar gidanku, yayanki har tayoyin yake rusuna wa. Na ji ya ce sabuwa ce dal. Na kuma ji ya tambaye ki, a gaban mutane, ko za ki iya cin abinci da mutumin da faratansa ke da launi bakwai. Haba! Ai ɗaya cikin bakwan nan nasa ne. Bara, janyo motar aka yi zuwa wurina, gefen hagu a lotse kamar gwangwanin da aka taka. Ni na buga, na cike ramukan da fila, ƙullun nan da muke shafe lotsawa da shi, na bi da samfefa kwana tara, na fesa baƙin nan da ke ɗauke wa yayanki ido. Da gumina yake neman raba ni da ke!

Ba zan zage shi ba. Littattafan da nake karantawa kafin fenti ya bushe sun hana ni. Ramuwata 'yar ƙarama ce. Ranar Asabar, in ya zo jin amsarki, ki jira yayanki ya fito. Ki manna mayen a ƙofar dama, zai kama. Sai ki kai shi ƙofar hagu. Mayen ƙarfe ba ya kama fila, ƙasa zai faɗi. Ki ɗauka a hankali, ya sanyin zuciyata, ki tambaye shi cikin ladabi me kuma aka shafe.

In duk da haka shi kika zaɓa, zan haƙura, amma kada ya kuskura ya dawo mini da karce ko na silin gashi. Ni kam tsohuwar mota ce: fenti ya koɗe, furfura ta fito. Amma ki zo da mayen. Ko'ina kika manna, ƙarfe ne.

Naki har tsatsa ta ci zinariya,
Mai Farata Launi Bakwai