Macin Mangwaro da Macin Gyaɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiyarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce Abu, autarki. Kin san ban iya rubutu ba. Malama Asabe ce, maƙwabciyata a nan Inkil, tsohuwar malamar firamare, ta zauna da waya ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara min magana, ta bar ta yadda ta fito.

Inna, cikin nan da kika tafi kika bar ni da shi, na sauka lafiya. Mace ce. Sunanki aka sa mata, Ummi muke ce mata. 'Yar mitsitsiya ce, wallahi idan na goya ta sai na kai hannu baya na taɓa, na ji ko tana nan.

Mun tashi daga Ƙofar Wambai, haya ta kawo mu nan. A wajen kwasar kaya katinta na asibiti ya ɓace. Na zazzage kwalla, na zazzage akwati, har cikin buhun tsumma na duba. Babu.

Sai ga ƙyanda ta shigo unguwa da zafin nan ya fara. Gida na uku daga namu ta ɗauki yaro, yaron da ya fara tafiya, ina ganinsa yana bin kaji. Inna, ranar da aka fito da shi a tabarma ɗaki na koma na rungume Ummi. Aka ce akwai allurarta, amma sai yaro ya cika wata tara. Washegari da azumina a baki na goya takwararki muka tafi ƙaramin asibiti.

Sistar ta ce ina kati, na ce ya ɓace. Ta ce to yaushe aka haife ta. Na ce ranar maci ne, ranar da 'yan makaranta ke fita da ganga. Ta dubi yarinyar, ta ga ƙanƙantarta, ta ce ai ɗaya ga Oktoba ke nan, ranar 'yancin kai, ko? Inna, ni ban san Oktoba ba. Ga mata cike a benci, kowa da katinta a hannu, duk sun zuba min ido. Kunya ta kama ni na ce e. Ta ƙirga da yatsu ta ce wata biyar bai ma cika ba, na dawo nan da wata huɗu. Ba laifinta ba ne, ni na ce e.

Wata huɗu, ƙyanda na gida na uku.

Kwana biyu ban bar ta ta leƙa ko zaure ba. Baban Ummi ya dawo daga jigilar ɗalibai a Gubi ya tarar na toshe taga da zani, ya ce ke Abu, ƙyandar ba ta kama ta ba zafi zai dafa ta. Ban yi dariya ba.

A ɗakin nan ne kika faɗo min a rai. Kin tuna lokacin da kike ɗora min tire ki tura ni filin maci? Sau biyu ne a shekara. Ɗaya da ragowar mangwaro nake zuwa, lokacin an fara yayyafi ana gyaran gona. Ɗaya kuma da dafaffiyar gyaɗa sabuwar cirewa. Kike cewa, "Macin mangwaro daban, macin gyaɗa daban, kada ki kai min kaya inda ba lokacinsa ba." Ni kuma ina tsaye a bayan wayar shinge ina kallon 'yan makaranta masu farar safa, har na manta da ciniki, na dawo ki ce, "Sannu shugabar maci, ina kuɗina?"

Kuma kin tuna yadda kike riƙe ranaku? Ke ma ba ki yi boko ba, amma babu haihuwar da ta taɓa ɓace miki a layinmu. Kike cewa idan abu ya faru na duba uku: me gari ke yi, me ake ci, me sama ke yi. Da ina ganin surutun tsofaffi ne.

Na zauna na duba ukun nan. Ranar da naƙuda ta kama ni, keken da ya ɗauke ni sai da ya tsaya 'yan makaranta suka wuce. Mangwaro nake sha da safen, ƙwallon na hannuna ciwon ya fara. An yi ruwa da yamma, ƙasa na ƙamshi. Ga raguna cike da bakin titi, layya ta matso. Inna, macin mangwaro ne!

Haka na faɗa gidan Malama ko mayafin kirki babu. Ta saurare ni, ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ke 'yar nan, ai Ranar Yara kenan, ashirin da bakwai ga Mayu. Shekara nawa ina jan layi a rana irin wannan har muryata ta dishe!" Ta ce kuma a rana irin ta ne aka fara yanka ƙasar nan jiha goma sha biyu, tun tana yarinya ta ji a rediyon babanta. Na ce to ni ma Inna ta ce ran macin mangwaro ta haife ni. Malama ta riƙe baki. A katin zaɓena ɗaya ga Janairu aka rubuta, don da aka tambaye ni shiru na yi. Ashe ina da rana tawa, kin ajiye min ita tun tuni, ga jikarki ta zo ta same ni a cikinta.

Tare muka koma asibitin. Wannan karon ban sunkuyar da kai ba, na jero mata mangwaro da ruwa da raguna. Sistar ta buɗe bakin yarinyar ta ga haƙora, ta ƙirga, ta ce tara cif. Ta ce, "Maman Ummi, da kin ce min macin mangwaro tun farko ai da mun gama." Matan benci suka yi ta dariya, wata ta ce ita ɗanta na macin gyaɗa ne, a rubuta. Aka yi mata allurar. Ta tsala ihu, ni kuma hawaye, ban taɓa jin daɗin kukanta irin na ranar ba.

Yau kwana takwas. Jikinta ya ɗan yi ɗumi, sun ce dama zai yi. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu tsoron bai sake ni ba. Kowace safiya sai na ɗaga ta wajen haske na duba bayan kunnenta da goshinta. Babu ko ƙurji ɗaya, Inna. Ɗazu ma ta kama ƙafar gado ta miƙe.

Na gode, Inna. Ban gode miki ba kina da rai, ina ganin ba ki bar min komai ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ladan azumin nan ya kai gare ki. Yaron maƙwabta Allah Ya sa mai ceto ne, Ya ba uwarsa haƙuri. Allah Ya raba unguwar nan da wannan ciwo, Ya raya min mai sunanki.

Ta farka, Inna, tana neman nono. Bari na tsaya nan.

Taki har kullum,
Abu