Ban Zauna Maka Takaba Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Maryama, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma, ina tambayar lafiyarka da ƙarfin jikinka, ko da yake ba ni da mai kawo mini amsa. Mu nan Gadarif muna raye. Hajja, mahaifiyarka, tana gaishe ka. Maryama ta yi tsawo har ta kamo kafaɗata, yanzu ita ke toya mana kisra, wainar dawarmu, da safe.

Na sa wannan wasiƙa inda jama'a za su gani ne domin ban san ƙofar da zan aika ta ba. Masu karantawa su yi mini uzuri, da mijina nake magana.

Ka fita da lori cike da dawa, ka nufi Jazira ta hanyar Fau, a kwanakin da yaƙi ya matso kusa da mu. Na roƙe ka ka bari hanya ta lafa. Ka ɗaura rawaninka kana murmushi, ka ce, "Hauwa, mutanen can ma cin abinci suke yi." Daga Fau ka kira ni, ka yi ƙorafin an ba ka jabana, gahawar nan, mai ɗaci ba citta. Muryarka ta ƙarshe da na ji ke nan. Tun daga ranar wayarka a kashe take, ga shi har wata damina ta sake zagayowa.

Yaya Usman, wanka, ya yi nema iyakar nema, wannan ba zan hana shi ba. Ya bi asibitoci, ya bi makarantun da aka sauke masu gudun hijira, ya je Fau, ya koma Mafaza wajen danginku ko wani ya ji ƙishin-ƙishin. Abin da ya samo kawai shi ne maganar wani direba, wanda ya ce ya ga lori irin naka a ƙone a gefen hanya, babu kowa a ciki, ba mai rai ba gawa.

Ba zan yi maka ƙaryar jarumta ba. Ina jin tsoro. In mota ta ja birki a bakin layinmu, sai gabana ya faɗi. In maƙwabta suka taru kan waya guda suna kallon hotunan waɗanda aka tsinta a daji, sai in shige ɗaki. In na yi sujada ba na iya yin addu'a a hankali kamar dā. Da ƙarfi nake faɗa, har a jiyo ni a tsakar gida: ya Rabbi na gaji, ya Rabbi ina tsoro, ya Rabbi ka dawo mini da shi.

Makon jiya Yaya Usman ya zo bayan la'asar, ya zauna a ƙarƙashin rumfar da ka kafa, ya kira ni. Ya ce iyali sun yi shawara, ranar Juma'a za a yi maka zaman makoki, a yi sadaka, ni kuma in shiga takaba. Ya ce jira yana cinye Hajja, ta rame ta zama ƙashi. Sannan ya ƙara da wata magana. Ya ce, "Wannan kukan da kike yi wa Allah kullum, ki yi hattara da shi. Mumini haƙuri yake yi, ba ya ƙorafi da hukunci."

Da ya faɗi haka, kai na tuna.

Na tuna safiyar Juma'a, kana zaune a kan tabarma da Alƙur'ani a cinya, ni ina soya bunnu, 'ya'yan gahawa, a gefe. Kana karanta labarin Annabi Yaƙubu, kana mayar mini da Hausa. Tsoho ya rasa ɗansa, ya yi kuka har ganinsa ya tafi. 'Ya'yansa suka ce ya daina ambaton yaron kada ya halaka kansa. Bai daina ba. Ya ce musu shi ba wajensu yake kai ƙararsa ba, wajen Ubangijinsa yake kaiwa, sannan ya tashe su ya ce su koma nema. Ka ɗaga kai ka ce da ni, "Kin ga, tsohon nan bai ɓoye wa Allah komai ba, kuma Allah bai ce ya yi rashin haƙuri ba."

Na tuna kuma shekarar da Maryama ta yi zazzaɓin nan mai kumbura ciki, muka kwanta da ita a asibiti. Na fito neman ruwa da tsakar rana, na same ka a bayan ɗakin, a inuwar bishiyar maina, ka durƙusa kana maimaita roƙon Annabi Ayuba, hawaye ya jiƙa maka gemu. Ka ji kunya da na gan ka. Ka share fuska ka ce, "Allah ya san ciwon tun kafin in faɗa, amma yana son in faɗa masa."

To, a wajenka na koya. Annabi Ayuba ya ce cuta ta same shi. Annabi Musa ya ce yana jin tsoro. Annabi Yunusa ya yi kira daga inda babu mai jin sa sai Ɗaya. Duk Allah ya ajiye mana maganarsu a Littafinsa, muna karantawa a cikin salla. In waɗannan bayin sun buɗe baki sun roƙa, ni Hauwa ba zan rufe nawa don hankalin mutane ya kwanta ba.

Juma'a ta zo. Tun da hantsi aka yanka rago, aka ɗora tukwane, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Matan unguwa suka shigo, wasu har sun fara kuka tun daga soro. Aka kawo mini farin tobe, mayafin takaba, aka ajiye a kan gado. Na dube shi, na buɗe akwati, na ɗauko koren nan da ka sayo mini bayan yankan riɗi a Fashaga, na yafa, na fito tsakar gida.

Na ce da Yaya Usman, gaban kowa, ya kawo mini gawa ko ya kawo mini wanda ya gani da idonsa, a ranar zan sa fari ba sai an ce da ni ba. Kafin nan, ba za a yi wa mijina makoki a gidansa ina tsaye ba. Na ce kukana kuwa ba da Allah nake faɗa ba, ƙofarsa nake bugawa, kuma ba zan bar bakin ƙofar ba.

Na zaci zai yi fushi. Sai ya zauna a kan turmi, ya dafe kai. Ya ce, "Hauwa, ni ma ƙanena ne. Na gaji da buɗe fuskokin matattu ina duba ko shi ne." A lokacin na ga yadda ya tsufa a wannan shekara. Na durƙusa a gabansa, na ce ya huta, babu wanda zai sake tura shi ko'ina, ya yi abin da ɗan'uwa ke yi har ya wuce. Amma gajiyarmu ba ita ce shaidar mutuwarka ba.

Hajja tana jin mu daga ƙofar ɗakinta. Ta dogara sanda ta fito, ita da ta daɗe ba ta taka tsakar gida ba. Ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Ku naɗe tabarmin nan. Abincin kuma a kai wa baƙin da ke makaranta."

Haka aka yi. Ni da Maryama da wasu mata muka ɗauki tukwane zuwa makarantar da ke bayan kasuwa, inda mutanen Jazira suke kwana a cikin azuzuwa. Muna zuba musu, wata tsohuwa ta riƙe hannuna, ta tambaye ni da Larabci sadakar wane ne, don ta san sunan mamacin da za ta yi wa addu'a. Na ce ta matafiyi ce. Ta dube ni, ta ce ita ma 'ya'yanta matafiya ne. Muka ɗaga hannu tare a bakin ajin, muka yi addu'a da sunanka da nasu.

Baban Maryama, na san mai yiwuwa ne ka riga mu gidan gaskiya. Ba na ruɗin kaina. In haka ne, Allah zai sanar da ni ta hanyar da ya so, in sa farin, in yi maka biyayyar ƙarshe. In kuwa kana wani wuri a tsare, ko kana kwance ba ka iya faɗin sunanka, to ka sani ba a binne ka a gidanka ba. Wanda kuma yake karanta wannan, in ya taɓa ganin dogon mutum baƙi, mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu, mai jin Hausa da Larabci, ya taimaka ya faɗa wa Hausawan Gadarif, maganar za ta iso ni.

Ya Allah, Mai jin kiran wanda ke cikin ƙunci, cuta ta same mu, kuma babu mai jin ƙai kamarka. Ka ga tsorona, ba na ɓoye maka shi. In bawanka yana raye, ka ciyar da shi, ka sanyaya zukatan waɗanda yake hannunsu, ka buɗe masa hanya. In yana wajenka, ka yalwata masa kabari, ka aiko mini da labari. Ka ba Hajja kwana har ta ji. Ka kashe wutar da ke cin ƙasar nan. Na roƙe ka jiya, ina roƙon ka yau, kuma gobe za ka same ni a nan.

Matarka har yanzu,
Hauwa.