Kwamfutar da Baba Ya Jinjina

Yaya Badaru,

Na fita kafin ka dawo daga gona, kada motar Gezawa ta wuce ni.

Jiya Baba ya shiga Kano shi kaɗai ya sayo min kwamfutar aikin asibiti. Duk na shagon sai da ya jinjina su, yadda yake wa rago a kasuwa, ya ɗauko wadda ta fi nauyi. Wai ƙananan babu komai a cikinsu.

Yaya, ko a jakata ba ta shiga. Ka kuma san tun da mota ta yi tsada, rabin hanyar a ƙafa nake yi. Ƙarama nake so, mai riƙe caji.

Na kira mai shagon, ya yarda a canza kafin Juma'a. Don Allah ku koma tare. A ajiye masa ƙanana biyu, ya jinjina ya zaɓa da hannunsa. Kada ka ce ya yi kuskure. Ragon layyarsa ya sayar, kuma tun jiya yake goge ta da bakin rigarsa.

Ƙanwarka,
Sakinatu