Furen Makokin Babana Ya Sauka Kan Surukina

Anti Sunbok, ki taimake ni, na kashe surukina, kuma yana nan da ransa a Mokpo yana fushi da ni.

Ni mai gina shafukan intanet ce a wani kamfani a Pangyo. Gwanintata ita ce irin shafin nan da labari ke bin yatsanki: kina jan allo sama, hoto na buɗewa, rubutu na fitowa, in kin tsaya komai ya tsaya, in kin koma baya ya koma. Guntu-guntu muke gina shi, kowane sashe da akwatinsa, sannan a jera su kamar bulo. Na yi wa masu sayar da mota, na yi wa masu man shafawa, har lambar yabo aka taɓa ba mu. To da aka sa ranar aurena da Taegyun, wai ni ce zan je in sayi katin gayyatar waya na kasuwa, mai kiɗan fiyano da hoton ango yana kallon sama kamar mai jiran ruwa? Na ce kowa ya matsa ya ba ni wuri.

Gaskiya abin ya yi kyau, ko yanzu ba zan fasa faɗa ba. Ɗigo biyu ne a farko, ɗaya daga Mokpo garinsu, ɗaya daga Chuncheon garinmu. Kina jan allo suna matsowa har su haɗu a Seoul, sannan hotunanmu su biyo baya, sai a ƙasa sunayen iyaye. Babana ya rasu ina jami'a. Kin san yadda ake sa ɗan farin furen makoki kusa da sunan wanda ba ya raye. Ni ban so a manna masa shi kamar tambarin ofis ba. Sai na sa furen ya taso tun daga saman shafi, yana saukowa a hankali tare da yatsan mai karatu, ya raka mu cikin labarin duka, sannan ya sauka gefen sunan Babana. Ranar da ya fara aiki, a gaban kwamfuta na zauna ina kuka.

Ga inda gwanar ta yi gwaninta. Ban sa furen cikin akwatin sunan Baba ba, na bar shi yana yawo shi kaɗai a saman komai, na ce masa in an ja allo nisa kaza, ka sauka a wuri kaza. A wayata na auna nisan. Na gwada a wayoyin abokan aikina kaf, yara masu ido kamar na shaho, kowa ya tafa, abokiyar aikina Dabin da ke zaune kusa da ni har cewa ta yi ita ma za ta nemo miji don in yi mata irinsa. Duk iliminmu babu wanda ya tuna cewa kowane tsoho a ƙasar nan ya ƙara girman rubutun wayarsa har kalma ɗaya na cika allo. In rubutu ya kumbura, akwatuna sai su yi tsawo, sunaye su gangara ƙasa. Shi kuwa fure babu ruwansa, inda aka ce ya sauka nan zai sauka. Iyayen ango ne kuma a sama. Saboda haka a wayar duk wani mai furfura, furen ya taho cikin natsuwa da ladabi ya zauna gefen sunan baban Taegyun, Dattijo Pyo Manseok.

Taegyun ya tura a zauren hirar danginsu, mamansa ta tura wa matan coci da matan kasuwa, daga nan ya faɗa hannun ƙungiyar masu hawan dutse ta Baba Pyo. Kafin a ci abincin rana an kawo doguwar kwalliyar furannin ta'aziyya mai baƙin ƙyalle an kafa a ƙofar shagonsa na busasshen kifi. Wani abokinsa tun na aikin soja ya hau bas daga Gwangju da baƙin laktaye, ya iso ya tarar da mamaci a bakin shago yana zuƙar taliya, saura kaɗan furannin su zama nasa. Yayar Baba Pyo, Gwaggo Malsun, ta kira tana kururuwa don ta yi wa matarsa gaisuwa, shi ya ɗauka, ta yi jifa da wayar.

Nan take na gyara. Sannan, saboda ni mai hankali ce, na tura masa saƙon ban haƙuri mai ɗauke da bayani, har da zane da kibiyoyi, ina nuna yadda manyan haruffa suka ture sunaye. Ya aiko Taegyun ya tambaye ni wai ashe idanunsa ne suka kashe shi, to ya gode da aka sanar da shi. Yanzu ya ce matattu ba sa zuwa biki, a ɗora hotonsa a kujerar iyaye mu rusuna masa. In ɗansa ya kira, sai ya ce marigayi na hutawa. Ya kuma faɗi wadda ta tsaya mini a ƙirji: wai gidan da ke da babba ba ya gayyatar manya ta waya babu takarda. Na san rashin Babana yake nufi, Anti, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Abin da ya rage kafin biki bai kai wata guda ba. Ummata tana ta goge kayanta na bikin da tuni suka gogu. Dama kujera ɗaya a ɓangarenta babu kowa, yanzu ana so a ƙara ta biyu. Taegyun sai cewa yake haka Baba yake, a bar shi ya huce, alhali a gabana ma in waya ta yi ƙara daga Mokpo banɗaki yake gudu. Ni kuma haushi nake ji, wani na da uba a raye yana wasan mutuwa, ni nawa ko a waya ba zan same shi ba. In sake ba shi haƙuri, ko in nemo wa hoton nasa firam mai kyau?

Amaryar Pangyo

*

'Yata Amaryar Pangyo,

Da farko ina taya iyalan Pyo murnar dawowar mamaci, ba kowane gida ke samun wannan ba. Ki bar maganar firam.

Ban ga mugunta a abin da kika yi ba. Kin yi kewar mahaifinki, kin faɗa da yaren da hannunki ya iya. Amma kin gina gayyata don mutanen ofishinku su tafa, alhali ba su za su cika zauren ba. Kin ce labari na bin yatsan mai karatu, sai dai yatsa ɗaya kika sani, naki. Sannan kika bi mutumin da aka yi wa ta'aziyyarsa da darasi mai kibiyoyi. Ban haƙurin da ya zo da zane, ƙara ce aka shigar.

Ki dubi nasa ɓangaren. Ku kun ga abin dariya, shi ya ga ranar mutuwarsa da idonsa. Ya ga wanda ya hau bas, ya ga wanda ya turo hoton fuska mai hawaye ya ci gaba da harkarsa, kuma a kasuwar da ya yi shekaru ana gaishe shi da girma yanzu ana tambayarsa ya lahira. Dattijon da ya tsorata ba zai ce ya tsorata ba, sai ya yi ba'a. Maganarsa ta gidan da babu babba kuwa mummuna ce, ba zan wanke shi ba. Amma ba wannan watan za ki nemi haƙƙinki a kanta ba.

Ban iya sana'arki ba, sai dai ke da bakinki kin faɗi maganin. Furen ya zauna cikin akwatin sunan mahaifinki, inda sunan ya je ya bi shi, kada ki sake ɗaura shi da nisan da wani ya ja allo. Ki kai shafin zauren tsofaffi na unguwarku, ki miƙa wa masu manyan haruffa da yatsu masu rawa, ki yi shiru ki ga inda suke maƙalewa. Ki sa rana da wuri da taswira a can sama, don mai neman ƙofar zaure ba dole ne ya bi tarihin soyayyarku daga Chuncheon ba.

Taegyun kuma ki fito da shi daga banɗaki. Babansa ne, shi ya kamata ya tuna cewa manya takarda ake kai musu, kuma mijin da ke ɓuya tun kafin biki gara ya fara koyon tsayuwa yanzu. Ku buga kati na takarda, ku hau jirgin ƙasa zuwa Mokpo, ki miƙa da hannu biyu, ki rusuna, ki ci abin da aka ajiye miki ko da ruɓaɓɓen kifin nan nasu ne mai sa hawaye. In ya ce marigayi na hutawa, ki zauna ki jira marigayi ya tashi.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga inda wani ya gaya wa mutumin nan furen na wane ne ba. An yi masa bayanin haruffa da akwatuna. Babu wanda ya ce masa yarinya ce ta so babanta ya raka ta har ƙofar aure, ba ta da wata hanya sai wannan. Ki faɗa masa haka da bakinki, ba waya a hannunki. Uba ne shi ma, kuma kwanan nan ya ɗanɗana yadda ake yin bikin ɗa babu uba. Ba na jin zai so ya sa ki rusuna wa kujeru biyu babu kowa.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya jiƙan mahaifinki, ya kai ku ranar lafiya.

Anti Sunbok