Fijon Baba da Gwaggonsa ta Zabarmari

Gwaggo Turai, don Allah ki taimake ni. Murna ta cika ni, amma wani abu ya tsaya mini a rai.

Ina aji huɗu a sakandare. Bara aka sallami babanmu, Malam Dzarma, daga aikin akawu lokacin rage ma'aikata, ba abin da ya rage masa sai farar Fijonsa. Wata biyu ke nan ya fara ɗaukar fasinja da ita zuwa Konduga da Zabarmari. Gwaggo, gidanmu ya farfaɗo! Baba ya koma yin waƙa in yana aski, nama ya dawo miya, ya kuma ce babu sauran maganar in bar makaranta. Ran Asabar ni ke wanke motar, har tayoyi.

Sai dai har yanzu lambar gida ce a jikinta. Baba ya je ofishin lasin don a mayar da ita ta haya, ya tarar harajin ya fi, inshorar fasinja ta ninka wadda yake biya, ga fenti, ga gwajin lafiyar mota. Kawu Wilson, ƙanen Mama, ya ce asara ce, ya koya masa dabara: duk fasinjan da ya shiga, in 'yan sanda sun tare hanya, ya ce shi ɗan'uwa ne. Makon jiya wata tsohuwa Babarbariya mai buhun shinkafa ta rantse wa ɗan sanda ita gwaggon Baba ce, alhali ko sunansa ba ta iya faɗa ba. Mun sha dariya.

To, ina goge cikin motar na ga takardar inshora, na karanta sau uku. Ta ce in an ɗauki mutane don kuɗi aka yi haɗari, kamfani ba zai biya ko kwabo ba. Ban taɓa yi wa Baba gyara ba, ko idonsa ba na iya kallo. In na yi shiru wani abu ya faru, mota ta tafi, karatuna ya bi ta. Yaya zan yi?

'Yar Mai Fijo, Umarari

'Yata, na taya ku murna, kuma karatunki ya yi rana.

Kawunki ba mugu ba ne, ya ga kuɗin da yawa, kuma da yawan ne. Amma dabararsa ɗan sanda kaɗai take ruɗa. Ranar da taya ta fashe a hanyar Konduga, gwaggon nan ba za ta tuna da zumunci ba, diyya danginta za su nema, babanki kuwa shi kaɗai zai tsaya. Gara ya daure ya yi lambar haya da inshorar fasinja, ko da zai ajiye motar kwana biyu. Sannan ya shiga tasha ya yi lodi da rana tsaka, ba ɓoye-ɓoye.

Ba sai kin yi masa gyara ba. Tsohon akawu ne, yana girmama takarda. Bayan ya ci abinci, ki kai masa takardar inshorar da hannu biyu, ki nuna layin, ki roƙe shi ya fassara miki Turancin. Bari ya gano da kansa, sannan ki tashi ki ba shi wuri.

Allah ya tsare hanya, ya ba ki sa'ar jarrabawa. In an yi wa motar fenti, ki gaya wa Malam Dzarma akwai wata gwaggon tasa a nan, amma ita za ta biya kuɗin mota.