Zinariyar Saukar Radiya

Ƙofar Gayan, Zariya

Zuwa ga ɗana Sagiru,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan sai godiya. Na rubuto ne domin maganar waya iska ce. Matarka Sailuba za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka can Italiya.

Kwabon zinariyar da ka bar mini ajiya da Sallah, na buɗe akwatin na duba shi. Na ji kunya. Mai aikin gyaran kayan tarihi a ƙasar Turawa, a ce zinariyarsa ta dushe haka? Na dirje shi da toka da lemun tsami, yanzu har ido yake ɗauka. 'Yarka Radiya za ta yi saukar Alƙur'ani ƙarshen wata. Ranar Asabar zan kai wa Bahago maƙeri ya huda shi, ta rataya, kamar yadda uwata ta rataya mini. Dukiyar da aka kulle a akwati ba ta da lada. Ka kula da salla.

Mahaifiyarka, Hajiya Hajara

Firenze, Italiya

Hajiyata,

Barka da gida, Allah ya ƙara girma. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Hajiya, don girman Allah kada a huda! Filorin ake kiransa, ya haura shekara ɗari biyar. Wani maƙerin garin nan ne ya sassaƙa furen da ke jikinsa a kan ƙarfe, ya ɗora zinariyar, ya buga da guduma. Shi ya sa gefensa ya ɗan karkace, kuma ba ya da ɗan'uwa sak. Masu tara irinsa dushewar nan suke nema, ita ce shaidar shekarunsa. Tokar ta riga ta kankare ta, na haƙura. Amma huji ba ya toshewa. Da shi na fara tarawa, na daɗe ina bin sa kafin ya zo hannuna. Ki gafarce ni.

Ɗanki, Sagiru

Ƙofar Gayan

Sagiru,

Bayan gaisuwa. An yi sauka lafiya, Radiya ba ta yi tuntuɓe ko a aya ɗaya ba. Gwaggonninka na Gyallesu duk sun zo, waina ta ƙare tun kafin la'asar.

Na je wurin Bahago, har ya ɗauko tsinkensa. Sai na juya kwabon, na ƙara duban hoton mutumin da aka sassaƙa a tsaye a bayan kwabon, na tuna yarinya za ta riƙe allo da hoton nan a ƙirjinta. Na ce ya dakata. Kada ka ɗauka magiyarka ce. Na wuce wurin baduku, ya ɗinke shi cikin jar fata kamar laya, da auduga a ciki, ba huji. Shi ta rataya. Kai ka ɓoye shi a akwati, ni na ɓoye shi a wuyan 'yarka. Faɗa mini wa ya fi iya ajiya.

Wankin kuwa ba zan ba da haƙuri ba. Tsafta cikon addini ce.

Mahaifiyarka

Hajiya,

Kin fi ni. A bar wa Radiya, nata ne. Akwai sauran kwabbai uku a wurina, suna gaishe ki daga nesa, don sun ji labarin tokarki.

Sagiru